Yadda Ake Ratsa Miyagun Ruwayen Turai da Jirgin Filafilai

Jirgin filafilai irin wanda yawancinmu ke tuƙawa, mai tsawon mita 10 zuwa 12, da ƙyar yake wuce mil 6 a awa. Milin teku nake nufi, wato mita 1852, kuma da shi zan yi ta lissafi. Ruwan da ke kwarara ta Raz Blanchard kuwa, tsakanin tsibirin Alderney da tsinin La Hague na Faransa, yakan kai mil 10 a awa a ranakun babbar cikowa. A Pentland Firth, can arewacin Sikotilan, ya ma fi haka. Duk wanda ya jera waɗannan alkaluma ya san inda na dosa. Ba ƙarfin inji ke fitar da mutum daga irin wannan wuri ba, ba kuma tsadar jirgi ba. Sa'ar da ka iso bakinsa ce.

Abin da ya sa nake son ruwayen Turai duk da mugun halinsu shi ne, haɗarinsu ba a ɓoye yake ba. An san wurarensa, an san lokutansa, matuƙa sun daɗe da rubuta su. Wurin da ke tafasa da hantsi sai ka tarar ya kwanta luf da azahar. A arewa, cikar teku da janyewarsa ke mulki. A Bahar Rum, duwatsu ne ke juya iska yadda suka ga dama. Ka san wanda ke da iko a inda kake, ka bi lokacinsa.

Arewa: agogon ruwa

Teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a rana, kuma kullum yana makara da kusan minti 50 a kan na jiya. Kwana biyu bayan wata ya cika, da kuma kwana biyu bayan ya ɓuya gaba ɗaya, cikowar takan yi girma, ruwa ya yi gudu sosai. A tsakanin waɗannan biyun ake samun ƙaramar cikowa. Faransawa sun sauƙaƙa abin da lamba guda, daga 20 zuwa 120, wadda za ka gani a manne a ofishin kowace tasha. In ka ga 45, ruwa mai ladabi ne. In ka ga 95 ko sama, sai ka yi shiri. Duk mashigin da ban taɓa bi ba, ranar ƙaramar lamba nake zaɓar masa, ko da hakan zai sa in zauna kwanaki a tasha ina wankin igiyoyi.

Kafin ka kwance, ka ɗauki takarda ka rubuta lokacin cikar ruwa na tashar da jadawalin ya dogara da ita, wadda a Mashigin Ingila yawanci Dover ce ko Cherbourg. Ka duba wane agogo jadawalin ke bi. Na Ingila da yawa da agogon GMT aka buga su, su kuwa mutanen gari a lokacin zafi sun ƙara awa ɗaya. Awa ɗaya a mashigi irin Raz de Sein, a yammacin Faransa, ba abin wasa ba ce. Daga nan ka buɗe taswirar gudun ruwa, mai shafi ɗaya ga kowace awa, ka rubuta ainihin lokacin da fensir a kan kowane shafi. Sai ka fara lissafi daga mashigin ka dawo baya: ƙarfe nawa nake son in kasance a bakinsa, mil nawa ne daga nan, ƙarfe nawa ke nan zan tashi. In lissafi ya ce ƙarfe 3 na dare, to ƙarfe 3 na dare ne, ba bayan karin kumallo ba.

Ga inda tarkon yake. Mai barin Cherbourg zuwa tsibirin Guernsey ta Raz Blanchard yana son ruwan da ke gudu zuwa kudu maso yamma ya tura shi. Iskar da ta fi kaɗawa a yankin kuwa daga kudu maso yamman take zuwa. Ruwan da kake so ɗin shi ne zai yi karo da iska kamar raguna biyu, raƙuman ruwa su gajarce, su miƙe tsaye, su riƙa fashewa ba tsari. Iskar da a fili ba za ta hana ka shan shayi ba, a nan sai ta cika maka wurin zama da ruwa. Saboda haka ba tsakiyar gudun ake nema ba. Ka iso daidai lokacin da ruwan ya tsaya cik zai juya, ka wuce kafin ya yi ƙarfi. In iskar da za ta yi gaba da ruwan ta kai lamba 5 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, ni ba na zuwa. Haka nake yi wa mashigan Chenal du Four da Fromveur kusa da tsibirin Ouessant a Faransa, da Corryvreckan tsakanin tsibiran Jura da Scarba a Sikotilan.

Portland Bill, a kudancin Ingila, hanya biyu gare shi, babu ta uku. Ko ka ba shi mil 5 ta waje, ko ka lallaɓa ta ciki dab da duwatsu, inda akwai siririn ruwa mai sauƙi tsakanin gaɓa da hargitsin. Ta cikin sai da rana, iska kwance, lokaci daidai, sannan mutum ɗaya a goshin jirgi yana duban tarkon masunta, don gudun ruwa yakan danne alamominsu ƙasa, igiyar ta naɗe farfelar inji a wurin da ba ka da ikon tsayawa. Wanda ya raba tsaka, bai yi waje ba bai yi ciki ba, shi ke shan wuya.

Sai zurfi. A Saint-Malo ta Faransa tazarar da ke tsakanin cika da janyewa tana kai mita 12. Ruwa ba ya sauka daidai wa daida cikin awa shidan. A raba tazarar gida 12: awar farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato a ranar mita 12, cikin awa guda ta tsakiya ruwa zai sauka mita 3. Wanda ya jefa anka a ruwa mai zurfin mita 8 lokacin cika, ya shiga ciki ya kwanta, zai farka jirginsa a kishingiɗe kan dutse. Shi ya sa wurin da ba ka sani ba, mai ƙarancin zurfi, ake shigarsa ruwa yana hawa. In ka taɓa ƙasa, minti kaɗan ruwa zai ɗaga ka.

Wannan doka ta fi tsanani a gaɓar Holan da Jamus. Ƙofofin da ke tsakanin tsibiran Frisiya yashi ne mai tafiya, hukuma na ta matsar da alamomin, don haka alamar da idonka ya gani ta fi taswirar bara gaskiya. Ba a shigarsu ruwa yana fita, ba a shigarsu iska mai ƙarfi na turowa daga teku. Bakin kogin Elbe ma haka yake idan iskar yamma ta tari ruwan da ke sauka. Mai nufin Tekun Baltik ya jira ranarsa, ya shiga Mashigin Kiel a Brunsbüttel, kilomita 98 na ruwa kwance, ya huta da zagayen Denmark. In ka fita can, kada ka ba GPS amana ɗari bisa ɗari, don a shekarun nan ana yawan dagula siginarsa a gabashin Baltik. Kamfas, taswirar takarda da fensir su kasance kusa.

Tsallake hanyar manyan jirage

Mashigin Dover, inda ya fi ƙunci, bai fi mil 18 ba, jiragen kasuwanci sama da 400 ke bin sa kullum. Nan aka fara shata wa jirage layi a 1967, aka ƙara tsaurara shi bayan haɗurran 1971. Doka ta 10 cikin dokokin kauce wa karo a teku na 1972 ta ce abu biyu da suka shafe mu. Ƙaramin jirgi ko na filafilai kada ya tare wa mai bin layi hanya. Mai tsallakewa kuma ya sa hancin jirginsa ya yanke layin a miƙe, digiri 90. Hancin jirgi fa aka ce, ba layin da allon na'ura ke zanawa ba. Ruwa zai ja ka gefe, ƙyale shi ya ja, kada ka karkata don ka rama. Ta haka za ka fi saurin fita, mutumin da ke saman katafaren jirgi kuma zai gane nufinka. Masu gadin gaɓa suna kallo ta rada, an kuma sha cin tarar masu yi musu kunnen ƙashi.

Jirgi mai gudun mil 20 a awa yana cin mil ɗaya cikin minti 3. In ka hango shi a mil 6, minti 18 gare ka. Ɗauki kamfas na hannu ka auna inda yake, bayan minti biyu ka sake. In lambar ba ta sauya ba alhali yana ƙara girma, karo ke tafe. Ka juya da wuri, juyi babba wanda zai gani, ka wuce ta bayansa. In iska ta yi rauni, tada inji. Babu abin kunya a ciki.

Na'urar AIS alheri ce, tana ba ka sunan jirgi da gudunsa da tazarar da zai wuce ka. Sai dai ba kowane jirgin masunta ke kunna tasa ba. Kuma kada ka ɗauka an gan ka. A watan Agustan 2006 wani ƙaramin jirgi mai suna Ouzo ya salwanta da dare kusa da tsibirin Wight, mutum uku suka rasu, binciken hukuma kuma ya nuna yadda ƙaramin jirgi ke ɓacewa a rada da idon mai tsaron babban jirgi. Ka rataya abin da ke mayar da siginar rada a saman jigo, ka ajiye tocila mai ƙarfi da za ka haska filafilai da ita. In kuwa hazo ya sauka tun kana tasha, ranar ba ta tsallakewa ba ce.

Biskay da gaɓar Fotugal

Mugun sunan da tekun Biskay, tsakanin Faransa da Sifaniya, ya yi, a ƙarƙashin ruwa dalilinsa yake. Zurfi yana tashi daga mita 4000 zuwa ƙasa da 200 cikin ɗan taƙi, sai raƙuman da suka taso daga tsakiyar Atlantika su yi tuntuɓe a wannan gangare, su harzuƙa. Daga wajen Brest zuwa A Coruña tafiyar kwana uku ce, daidai iyakar da hasashen yanayi ke da abin dogaro. Daga Yuni zuwa tsakiyar Agusta ya fi. Ni nakan jira guguwa ta wuce, iska ta koma arewa maso yamma, ma'aunin nauyin iska ya fara hawa, in ba teku kwana ɗaya ya huce, sannan in tashi. Ka nausa yamma tun farko, ka samu fili. Kusurwar ciki, daga bakin Gironde zuwa iyakar Sifaniya, rairayi ne miƙaƙƙe mai ƙarancin mafaka, ƙofar Arcachon kuma ba ta shiguwa in teku ya tashi.

A Fotugal akwai abin da ke ruɗin baƙo. Iska za ta kwanta, rana ta fito wasai, amma bakin kogi yana kisa. Tashoshi irin su Aveiro da Figueira da Foz tudun yashi ne a ƙofarsu. Kada ka tsaya ga tsayin raƙumi kawai, duba daƙiƙoƙin da ke tsakanin ɗaya da mai bi masa. Mita 2 mai daƙiƙa 14 ya fi mita 3 mai daƙiƙa 7 sharri a kan tudun, don ya zo da nauyi daga nesa. Hukuma takan rufe ƙofar, tana kuma sanarwa. Kira ta rediyo ka tambaya. In a rufe take, wuce, komai gajiya. Leixões da Peniche da Sines suna karɓar mutum kusan kowane lokaci. Abin mamaki, Nazaré ma haka, garin da ake zuwa kallon raƙuma mafi girma a duniya, saboda wani kwazazzabo mai zurfi a ƙarƙashin teku da ya zo har bakin tashar.

Tun 2020 kuma wata sabuwa ta ɓullo. Kifayen orka na yankin, wasu manyan dabbobin teku ne masu farauta, waɗanda ba su wuce 'yan gomomi ba, sun koyi dukan allon da ke juya akalar jirgi, daga Galisiya har Mashigin Jibraltar, sun ma nutsar da wasu jirage. Ana wallafa inda aka gan su, ka duba kafin ka tashi. Shawarar hukumomin Sifaniya ita ce a bi kusa da gaɓa, in sun zo kada a tsaya, a nufi ruwa mara zurfi da inji, a kuma sanar. Ka dai tuna gaɓar tana da nata, ragar masu kamun tuna da tudun yashi. Shi kansa mashigin, ruwan samansa gabas yake kwarara, don haka shiga Bahar Rum ya fi fita sauƙi, kuma kowace iska ƙara ƙarfi take a Tarifa, garin Sifaniya da ke gaɓar mashigin.

Bahar Rum ba tafki ba ne

Mutanen arewa sukan raina shi saboda cikowarsa ba ta taka kara ta karya ba. Sai ya ba su mamaki. Iskar mistral tana gangarowa ta kwarin kogin Rhône zuwa tekun da ke gaban Marseille, sama fes babu gajimare, ta kai lamba 8 ko 9, ta je ta matse tsakanin Kosika da Sardiniya a Mashigin Bonifacio. Bora tana faɗowa ne daga dutsen Velebit a Kuroshiya, daga arewa maso gabas, kwatsam. In ka ga farin gajimare ya kwanta a kan dutsen ya ƙi motsi, nemi mafaka tun lokacin. A tekun Girka na gabas, meltemi ce daga arewa a Yuli da Agusta, takan yi kwanaki tana kaɗawa a lamba 7.

Kuskuren da na fi gani shi ne gudu zuwa bayan tsibiri don a ɓuya. Ruwan bayan zai kwanta, gaskiya ne, amma in tsibirin mai tudu ne, iskar sai ta hau ta faɗo da ƙarfin da ya fi na fili. Ka rage filafilai kafin ka shiga inuwar dutsen, ba bayan jirgi ya kwanta ba. Wanda ya yi hayar jirgi na mako guda kuma, ya fara da tafiya gaba da iska, ya bar mai daɗin ta dawowa. Waɗanda suka yi akasin haka su ne za ka gani ranar Juma'a suna fama da teku dole, saboda jirgin sama na jiransu ranar Asabar. Sauri ya haifi nawa.

Daga tsakiyar Agusta, ruwa ya gama ɗumi, sai hadari mai tsawa. Ranar 18 ga Agustan 2022 wata guguwa ta afka wa yammacin Kosika da safe, an auna bugunta sama da kilomita 200 a awa. Ranar 19 ga Agustan 2024 katafaren jirgin Bayesian ya nutse a kan ankarsa kusa da Porticello a Sisili, mutum bakwai suka rasu. Don haka duk daren da aka yi hasashen hadari, ka saki sarƙa aƙalla ninki biyar na zurfin, ka ja da baya da inji har anka ta kama ɗam a farin yashi, ba cikin ciyawar teku ba, wadda ba ta riƙo kuma doka ta kare ta. Ka kwance rumfa, ka rufe tagogi, ka san ta inda za ka fita cikin duhu.

Hasashe, jirgi da mutane

Lamba 6 iska ce ta mil 22 zuwa 27 a awa, lamba 8 kuwa 34 zuwa 40. Wannan matsakaici ne, bugunta na iya ɗara shi da kashi 40 cikin ɗari. Manhajar waya tana da kyau, sai dai ba ta san tsini da kwari sosai ba. Haɗa ta da hasashen hukumar ƙasar da kake, ta rediyon jirgi na VHF ko Navtex, na'urar da ke karɓar sanarwa a rubuce. In biyu suka saɓa, ɗauki mafi muni. Rubuta ma'aunin nauyin iska kowace awa. In ya faɗi da maki 6 cikin awa 3, rage filafilai tun kafin ka ji komai a fuska. A kowace tafiya kuma ka rubuta tashar gudu biyu, da lokutan da ruwa zai bari a shige su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Inji ya fi mutuwa a teku mai hargitsi, domin girgiza ke tayar da dauɗar gindin tankin dizal ta toshe matata. Ka wanke tanki, ka ɗauki matata ta canji, ka koyi sa ta tun kana tasha. A dafa abinci kafin a tashi. Mai jirin teku ya sha magani tun da dare, ba sai amai ya fara ba. In iska na bayanka, ɗaure sandar ƙasan filafilai da igiya zuwa gaba, kada ta wulwulo ta fasa kan wani.

Ruwan arewa ko da zafi sanyi gare shi. Wanda ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 ba, minti na farko numfashinsa ke ƙwacewa, cikin kamar minti 10 hannuwa su daina aiki, ko da gwanin iyo ne. Rigar ceto sai da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in ba haka ba sai ta haye kai. Da dare, ko in an rage filafilai, kowa ya maƙala kansa da jirgi kafin ya fito waje. Kada kuma a yi gaggawar barin jirgi. A tseren jiragen filafilai na Fastnet na 1979, tsakanin Ingila da Ayalan, jirage 303 suka tashi, 'yan tsere 15 suka rasu. An bar jirage 24 a teku, amma 5 kaɗai suka nutse, sauran an same su suna yawo, alhali wasu cikin mamatan a kwalekwalen ceto suka gamu da ajalinsu. Muddin jirgi na bisa ruwa, a zauna cikinsa.

Kowa a jirgin, har wanda yau ya fara hawa, ya iya neman agaji, don kyaftin ɗin ne zai iya zama wanda ya faɗa. Ɗaga murfin jan maɓallin rediyo, danna ka riƙe daƙiƙa 5, shi zai aika lambar jirgi da inda yake. Sannan a tasha ta 16 ta rediyon a ce “Mayday” sau uku, sunan jirgi sau uku, inda ake, abin da ya faru, mutum nawa ne, irin taimakon da ake so. A saki maɓallin magana a saurara. In da waya ce, 112 na aiki a faɗin Turai, a Faransa kuma 196 kai tsaye take kai ka ga masu ceto a teku. Rubuta wannan jeri da manyan baƙaƙe, ka manna shi a jikin bango kusa da rediyon, ka sa kowa ya karanta shi da ƙarfi sau ɗaya kafin a kwance igiya.